AZ91 ko WE43: wanne magnesiyam ya fi jure zafi?

Magnesiyam zalla ba shi da ƙwari, sai an garwaya shi da wasu ƙarafa. AZ91 da WE43 sunayen irin wannan gauraye guda biyu ne. A AZ91 ana zuba alminiyam kusan kashi 9 cikin ɗari da zink kashi 1. Alminiyam ɗin ke sa narkakken ƙarfen ya shiga kowane lungu na mazubi, ga kuma araha, shi ya sa ake yin jikin kwamfutar hannu da wasu sassan mota da shi.

Zafi ne lagonsa. Da ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius, haɗin magnesiyam da alminiyam da ake kira Mg17Al12 da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfen sai ya yi laushi. Ƙarfen ya riƙa miƙewa sannu a hankali, notin da aka ɗaure tamau ya saki.

WE43 kuwa babu alminiyam a cikinsa. Wasu ƙarafa ake zuba masa: itiriyam kashi 4, niyodimiyam da danginsa kashi 3, sai ɗan zirkoniyam mai ƙanƙanta ƙwayoyin (shi wannan ba ya shiri da alminiyam ko kaɗan). Yana riƙe ƙarfinsa har digiri 250, don haka ake yin akwatin giyar jirgi mai saukar ungulu da shi. Amma fa da ɗan karen tsada. A ganina, sa shi a jikin kwamfuta ɓarnar kuɗi ce.