Hutun Zanzibar da makin jirgi: watan da muka zaɓa da abin da muka tarar

Shekara huɗu na yi ina zirga-zirgar fatauci tsakanin Kano da Guangzhou ta Adis Ababa a jirgin Ethiopian Airlines, kuma kowace tafiya ana zuba mini maki a asusuna na ShebaMiles, wato ladan da kamfanin yake bai wa fasinja gwargwadon nisan tafiyarsa da ajin tikitinsa. Da makin ya taru har ya isa tikitin mutum biyu na zuwa da dawowa, sai ni da maiɗakina muka yanke shawarar kashe shi a kan hutun mako guda a tsibirin Unguja na Zanzibar. Tara makin bai ba ni wahala ba. Abin da ya ɗauke ni makonni ina juyayi shi ne tsayar da watan tafiya, kuma a kansa wannan sharhi ya tsaya.

Da farko na so mu tafi a ƙarshen Disamba, lokacin da yara suke hutu kuma kasuwa take ɗan lafawa. Sai dai ƙa'idar tikitin maki a galibin kamfanonin jirgi ita ce kujeru ƙalilan ake ware masa a kowane tashi, kuma a makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da Turawa musamman Italiyawa suke tururuwa zuwa tsibirin don guje wa sanyin ƙasashensu, waɗannan kujeru sukan ƙare tun watanni kafin ranar. Ko da mutum ya yi sa'ar kujera, kuɗin otal a lokacin yakan cinye duk abin da maki ya rage masa. Haka lamarin yake a Yuli da Agusta, lokacin hutun bazarar Turai, duk da cewa yanayin yana da daɗi ƙwarai.

Da na duba Afrilu da Mayu kuwa sai na tarar da kujeru birjik, otal-otal kuma sun karya farashi. Nan ne mai maki ya fi bukatar natsuwa, domin arahar tana da dalili. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminar Zanzibar, wadda mutanen wurin suke kira masika, ruwa yakan kwana ya wuni, teku ta yi duhu, wasu masaukan bakin ruwa ma rufewa suke yi har ruwan ya ɗauke. A ganina asara ce mutum ya kashe makin da ya yi shekaru yana tarawa a watan da tikitin kuɗi ma ya sauko, sannan ya ƙare hutunsa yana kallon ruwan sama ta taga. Akwai kuma ƙaramar damina da suke kira vuli, wajen Nuwamba, wadda ba ta kai waccan ƙarfi ba.

Mun tsaya a kan makon ƙarshe na Satumban 2025, bayan Turawa sun koma aiki da makaranta, kafin ruwan vuli ya sauka. Na kama kujerun tun watan Mayu ta shafin kamfanin a intanet, makin ya biya tikitin, na biya harajin filayen jirgi da kuɗi, domin maki ba ya ɗauke wannan. Hidimar ta tafi daidai yadda aka alkawarta, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Bole na Adis Ababa, daga can zuwa filin Abeid Amani Karume na Zanzibar, kuma ba a bambanta mu da waɗanda suka sayi tikiti da kuɗinsu ba ta fuskar kaya ko abinci.

Kama kujera da wuri ya amfane mu ta wata fuskar da ban yi tsammani ba. Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya, kuma ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, dole ya nema tun daga gida a jira amincewar hukumar shige da fice, kuma hakan yakan ɗauki makonni. Wanda ya ga kujerar maki ta buɗe saura kwana goma ya yi wuf ya kama, zai iya tsintar kansa da tikiti babu izinin shiga. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara, sannan tun ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar tafiya ta dala 44, wadda ya kamata a sa cikin lissafi.

Yanayin da muka tarar ya gamsar da ni. Rana tana fitowa kullum, iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa a hankali tana rage zafi, dare kuma yana da sanyi mai daɗi, har mukan zauna a lambun Forodhani muna cin gasasshen kifi da ruwan rake ba tare da gumi ba. Lungunan Mji Mkongwe, tsohon garin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ba su cika da jama'a ba, mun tsaya mun ƙare wa ƙofofin katako masu sassaƙa kallo a tsanake, kuma da yake mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, ba mu taɓa wahalar neman masallaci ko abincin halal ba.

Akwai wani lissafi da ban yi ba sai da na je, kuma ya kamata Bahaushe ya fi kowa iya shi, tunda mun saba bin kwanakin wata. Cikowa da janyewar teku sun fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren goma sha huɗu, mu kuwa mun sauka daidai da tsayuwar sabon wata. A Paje da ke gabas ruwan yakan janye nesa ƙwarai da rana, ya bar fili fari fat inda mata suke noman ciyawar teku, abin kallo ne mai ƙayatarwa amma ba wurin wanka ba ne a waɗannan sa'o'i. Da muka koma Nungwi a arewa, inda gaɓar take da zurfi, ruwan yana nan kusa safe da yamma, shi ya sa muka ƙarasa kwana huɗun ƙarshe a can.

Makin da ya rage mini na ajiye shi don tafiya ta gaba, kuma na fara duba farkon Yuni, bayan masika ta ɗauke tsibirin ya yi kore shar, da niyyar mu ƙetara zuwa tsibirin Pemba mu ga gonakin kanumfari.