Kyamara ko sikana: wanne za ka saya don shigar da tsofaffin hotuna cikin kwamfuta?

Kafin ka sayi komai, zazzage akwatin hotunanka ka ga abin da ya fi yawa a ciki. Idan hotunan takarda ne, sikana mai shimfiɗa irin Epson V600 ta wadatar. Amma a kan nagatif da silaid (fim mai launi na zahiri da ake haskawa a bango) na fim ɗin milimita 35 tana da rauni, don faɗin kowane hoto milimita 24 ne, tsawonsa 36, kuma da ka faɗaɗa shi a allo sai ka ga ya yi dishi-dishi. Sikanar da aka ƙera musamman don fim, irin Plustek OpticFilm, ta fi ta kaifi nesa ba kusa ba, sai dai hoto ɗaya kan ci mintuna. Mai nagatif dubu zai ji jiki.

Ɗaukar hoton nagatif ɗin da kyamara kuwa ƙiftawa ɗaya ce. Idan kana da wadda ake sauya wa gilashi, kada ka sake ta. Zuba kuɗinka a gilashin makro mai ɗaukar abu daidai girmansa, wanda ake rubuta wa 1:1. Tsoho wanda ba ya saita kansa ma ya yi, tun da da hannu za ka saita shi. Zoben ƙara tazara tsakanin kyamara da gilashi ya fi araha, amma gefunan hoto sukan yi laushi, kuma a nagatif wannan ba ya ɓuya.

Fitilar da za ta haska fim daga baya ita ce mutane suka fi rainawa. Nemi allon haske mai lambar CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da launi daidai, 95 ko sama, in ba haka ba launin fata zai fito wani iri, gyaransa kuma wahala. Sai mariƙin da zai miƙar da fim, don tsohon fim ya cika lanƙwashewa, da sandar da ke tsayar da kyamara ta kalli ƙasa sak. Masu Nikon suna da mariƙin ES-2 da ake ɗaurawa a bakin gilashi, ya ɗauke musu sayen sandar.

Akwai inda sikana ta yi wa kyamara zarra: wasu sikanoni suna gano ƙura da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, su goge da kansu. Sai dai dabarar ba ta aiki a fim ɗin baƙi da fari na gargajiya, saboda azurfar da ke jikinsa, kuma tana rikicewa a silaid na Kodachrome, wani fim na kamfanin Kodak. Wanda tarinsa irin waɗannan ne, kada ya biya kuɗin abin da ba zai amfane shi ba.

Nagatif mai launi yana da rufin ruwan lemo da sai an cire kafin a juya shi ya koma hoto na zahiri. Manhajar Negative Lab Pro tana yin wannan cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom, dukansu na kuɗi ne, manhajar darktable kuwa kyauta ce amma tana son haƙuri. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ko wacce manhaja ka zaɓa. Hoton takarda da kyamara kuwa sai da fitila biyu, dama da hagu, kowacce a karkace digiri 45, don kada ƙyalli ya rufe fuskoki.