Kuɗin aikin haƙori: inshora, adashi ko bashin waya?

'Yar uwa, na ga tambayarki. Likita ya ce turminki na ƙarshe ya kwanta cikin ƙashi, sai an tsaga dasashi an ciro shi, sannan ya ba ki shawarar dashen haƙora biyu a giɓin da kike da shi. Kuɗin ya fi ƙarfinki, kina tunanin ko inshora, ko adashi, ko bashin manhajar waya.

Ki fara komawa a rubuta miki lissafin a rarrabe, domin aiki biyu aka haɗa miki a takarda guda. Turmin da ke hana ki barci ba ya jira. Dashe kuwa ba na gaggawa ba ne, yana iya jira. Kuma kafin ki biya ko kwabo, ki kai hoton haƙorin sashen haƙori na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ki ji nasu farashin. Akwai layi, sai kin yi sammako, amma yawanci ya fi na asibitin kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba.

Inshora ta fi dacewa da cire turmin, in dai kina ciki tun da. Ma'aikacin tarayya da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suna ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ma'aikatan jihar Kano kuma suna da tasu hukumar, KSCHMA. In maigidanki ma'aikaci ne, duba ko sunanki na kan katinsa. Tsarin shi ne ki fara zuwa asibitin da aka yi miki rajista, su rubuta takardar tura ki wurin likitan haƙori, a nemo lambar amincewar inshora, ke kuma ki biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Neman lambar nan ne ke cin rai. In kuwa yanzu za ki shiga, akwai GIFSHIP, tsarin NHIA na masu zaman kansu, sai dai ba ranar da aka yi rajista ake fara amfana ba, akwai lokacin jira. Dashe kuma ki cire rai, NHIA ba ta ɗaukarsa.

A nan adashi ya fi ta. Shi dashe ba a zama ɗaya ake yin sa ba. Ana fara dasa ɗan ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, a bar shi wata uku zuwa shida ya kama, sannan a ɗora haƙorin a kai. Tunda aikin kashi-kashi ne, ki nemi a karɓi kuɗin ma kashi-kashi. Ki roƙi uwar adashi ta ba ki kwasar farko ki biya na ƙarfen, wata kwasar ta faɗo daidai lokacin ɗora haƙorin. Babu kuɗin ruwa, babu mai buga miki waya. Matsalarsa biyu ce: darajar naira na iya zamewa kafin kwasarki ta zo, tunda kayan dashe daga waje ake shigo da su, sannan in ƙungiyar ba ta amana ba ce wadda ta riga kwasa tana iya daina zubi. Don haka ki sa likita ya rubuta tsawon lokacin da farashin zai tsaya. Mai albashi kuma ta tambayi ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinta, da yawa suna ba da rance ana cirewa a albashi.

(Ki kuma tambayi likitan nawa ne haƙorin roba mai cirewa. Bai kai dashe daɗin tauna ba, amma yana rufe giɓi da kuɗi kaɗan, kuma ba ya hana yin dashen daga baya.)

Bashin manhaja abu ɗaya kawai ya fi sauran da shi: sauri. Kafin ki gama shan shayi kuɗi sun shigo. Amma ga ruwa, wanda ke ma kin san hukuncinsa, ga gajeren wa'adi, ga tara kullum in kin makara. Wasunsu kuma suna kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai wa wasu samame a 2022. Ni dai ba zan ba ki shawarar cin wannan bashin don dashe ba. In cire turmin ne ya matsa kuma babu inshora, gara ki fuskanci yayanki ko kawunki, ko ki jinginar da 'yan kunne wurin wanda kika yarda da shi.

Sai dai in kumatunki ya kumbura har ya gangaro wuya, ko ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu na miki wuya, ki ajiye duk wannan lissafi ki tafi sashen gaggawa yau ɗin nan, domin irin wannan kumburi yana toshe numfashi. In kuɗi sun gaza a can, ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin.