Tsumman sauke tukunyar da na ɗinka wajen Hajiyar bayan masallaci

Tun ina yarinya da tsohon ɗankwali ko gefen zani nake sauke tukunya, kamar yadda muka ga iyayenmu na yi. Sai wata rana na shiga kicin ɗin maƙwabciyata na ga wasu 'yan tsummokara masu kusurwa huɗu rataye a ƙusa, kala-kala, gwanin sha'awa. Ta ce ai Hajiyar nan mai ɗinki ta bayan masallacin layinmu ce ke yin su. Waɗanda muke unguwa ɗaya kun san wadda nake nufi, kun kuma san abin da take karɓa, ba sai na faɗa ba.

Na tattara ƙyallayen atamfa ragowar ɗinkin sallah na kai mata, na ce a yi mini guda 6. Gaskiya ranar da na karɓo na ji daɗi. Kowanne inci 8 ne tsawo da faɗi, an zagaye bakinsa da bayas, siririn ƙyallen nan da ake naɗe bakin ɗinki da shi, ga ɗan maratayi a kusurwa, ga laushi kamar filon jariri. Har hoto na ɗauka na tura wa yayata. Kusan wata biyu ina aiki da su a kan gas, ina sauke 'yar tukunyar miya da butar shayi, ban taɓa jin zafi ya taɓa hannuna ba.

Ranar sunan ƙanwata ne abin ya faru. A tsakar gida aka kafa murhu, duwatsu uku da itace, aka ɗora dafa-duka a tukunya lamba 20. Da shinkafa ta tsotse aka ce a sauke, ni da 'yar gwaggona muka kama, ita da tsohon buhu da ta ninka da zani, ni kuma da sababbin tsummana biyu, ɗaya a kowane hannu. Ba mu janye itacen duka ba, akwai sauran harshen wuta yana lasar gefen tukunyar ta wajena. Mun ɗaga kenan na ji wani wari kamar an jefa leda a wuta, kafin in gane daga ina yake fitowa sai na ji yatsuna na dama sun ɗauki zafi. Tsumman ya motse a hannuna, ya yi baƙi, ya manne. Kuma ba damar saki, don yara na zaune kusa suna jiran ƙanzo, tukunyar kuma cike take. Wallahi taku uku ne tsakanin murhu da inda muka dire ta, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Da na saki, ban san a kan wa shinkafar nan za ta kife ba.

Nan take mata suka taru a kaina. Wannan ta ce a shafa manja, waccan ta ce man goge baki, wata ta ruga ɗauko ɗanyen ƙwai. Allah Ya sa akwai matar ƙanin mijina, ma'aikaciyar jinya ce, ta ce kada wanda ya shafa mini komai. Ta zaunar da ni bakin randa tana kwara mini ruwa a hannun har minti 20 cif, ta hana a sa ƙanƙara, ta kuma hana a ɓamɓare abin da ya manne da ƙarfi. Yatsu uku suka yi bororo. Sati biyu ban iya tuƙa tuwo ba, wanki kuwa sai da na nemi mai yi mini.

Da hannun ya yi sauƙi na ɗauki reza na farke ɗaya daga cikin huɗun da suka rage. Abin da ke ciki faiba ce, farar nan da ake cusa wa filo da 'yar tsana. Roba ce zalla, foliyesta, wadda ke narkewa in zafi ya kai wajen digiri 250, harshen wutar itace kuwa ya ninka haka. Auduga ta gaske ba ta narkewa, sai dai ta babbake ta zama toka, ba ta manne wa fata. Bayan tsumman ma ba atamfata ba ce, wani ƙyalle ne ta cika da shi. Na zaro zare ɗaya daga jikinsa na kanga wa ashana, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri. Na gwada na atamfata, ya ci kamar takarda ya bar toka. Wannan gwajin duk mai sayen yadi a Kantin Kwari ya san shi, balle wadda ta shekara da shekaru a kan keke.

Na je wajen Hajiyar raina a ɓace. Amma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, matar ba ta yi gardama ba. Tana ganin yatsuna ta dafe ƙirji tana salati, ta ce, "Ƙanwata, ki yafe mini, wallahi ban taɓa kawo wutar itace a raina ba, masu gas nake yi wa." Na ce, "Hajiya, wace mace ce a garin nan ba ta zuwa biki ko suna?" Ta yi shiru. Ta ce in kawo tsohon tawul da wandon jins da yara suka daina sawa, za ta sake mini duka shidan ba ko sisi. Har ƙofa ta rako ni tana jajantawa. A hanyar gida na ji na huce, na ce kuskure ne, kuma ɗan Adam ajizi ne.

Sababbin kam suna aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Tawul ninki biyu a ciki, jins a baya, atamfa a gaba. Ba su da laushin na farko, ba su kai su kyau ba, amma na sauke tukunyar zabuwa daga kan gawayi da su, zafi bai ratso ba. Abu ɗaya dai, kada ki kuskura ki kama tukunya da shi yana jiƙe, ruwan ciki na komawa tururi ya dafa miki hannu, ko da audugar ce tsantsa.

Sai dai in na tuna sati uku na yi ina sintiri kafin su fito, yau ta ce babu wuta, gobe ɗinkin anko ya sha kanta, alhali aikin bai fi na yini ɗaya ba. Kuma bakin kawai ta bi da ɗinki, ba ta ratsa tsakiya ba ko layi biyu, shi ya sa wanki ɗaya tawul ɗin ya tattare gefe guda a cikin guda biyu, sai da na zauna da allurar hannu na kafe shi da kaina. Jan bayas ɗin ma ya zuba ya ɓata mini farin tawul ɗin kicin. Duk wannan zan iya haƙuri da shi.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gani a WhatsApp ɗinta makon jiya: sababbin tsummokara jere a kan tabarma, a kumbure luhu-luhu irin na farko, an rubuta na kayan amare ne. Matar da ta ga yatsuna da idonta! Na yi mata magana, ta ce masu saye laushin suke so, tawul kuma tsada yake yi mata. Amaryar da za a jera wa wannan a kicin, wa zai gaya mata abin da ke ciki?

Jiya da yamma na ɗauki rezata na shiga gidan maƙwabciyata, muka farke nata guda ɗaya a gabanta. Faiba ce ita ma. Ta sauke sauran daga ƙusa, ta ce za ta riƙa ɗora kwanon zafi a kansu kawai, sannan ta aika 'yarta ɗaki ta ɗauko mata tsohon tawul.