Man aduwa na kwalba: ya yi a shafa, ya ɓata miya

Wajen shafawa dai ba ni da ta cewa. Ba ya danƙo, fata tana shanye shi da wuri, kaushi da fason hunturu kuwa ya san maganinsu. Launinsa ruwan ɗorawa mai haske, yadda man aduwa na gaskiya yake.

Amma a jikin kwalbar an rubuta ana girki da shi, kuma nan ne raina ya ɓaci. Cokali biyu kacal na zuba a miya, tukunyar gaba ɗaya ta ɗauki ɗaci mai kama maƙogwaro. Duk wanda ya san aduwa ya san inda ɗacin nan ya fito. Bayan an cire ɓawo an wanke naman, sai a fasa ƙwallon, a cikinsa ƙwayar take, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nata mai ne. Ƙwayar ɗaci gare ta, sinadarin da ke sa ta kumfa shi ke kawo shi. Shi ya sa mata suke tafasa ta su zubar da ruwan, su jiƙa ana canza ruwa har ɗacin ya fita, a shanya ta bushe ƙarau, a soya sama-sama, a daka, sannan a fitar da man. Wannan kuwa an yi gaggawa. Ga laka nan kwance a gindin kwalbar, ta kai kaurin yatsa, kuma ita ke riƙe da ɗacin. Wanda ya riga ya saya ya bar shi ya kwanta, ya tsiyaye na sama a hankali, ya tace da farin ƙyalle mai tsabta ninki biyu. Ɗacin yana raguwa sosai.

Abin da ya fi ci mini rai, itaciyar nan ba ta cancanci irin wannan aiki ba. Ko shekarar fari tana 'ya'ya, ana cin dabagirarta, ana sassaƙa allo da icenta, mata a Yobe da Jigawa da Nijar suna samun na cefane da tsintar ta. Mai saye ya ɗanɗani ɗaci sau ɗaya, ya bar man ke nan, su kuma kasuwarsu ta mutu. Ga shi kuma an zuba shi a farar kwalbar roba, alhali rana tana sa mai ya yi warin tsufa.

Don shafa, a saya. Don girki, sai an ɗaga kwalbar an duba gindinta, in da laka a ajiye musu kayansu.