Bitar malaman Makarantar Lahadi: ranar farko ce ta yi mini amfani

Shekara tara ke nan ina koyar da 'yan shekara bakwai zuwa tara a Makarantar Lahadi, kuma da wuya in koma gida muryata ba ta dishe ba. Saboda haka da aka tura mu bitar kwana biyu kan yadda yara maza da mata suke koyo, da zumuɗi na tafi.

Ranar farko kam, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mai bitar ta ce yaron da ya kasa zama wuri ɗaya ba lallai ne ya zama mai taurin kai ba, jikinsa ne ke neman motsi. Ta sa mu, gotai-gotai da mu, muka jera kujeru a matsayin garun Yariko, muna zagayawa ba mai cewa uffan, sai a zagaye na ƙarshe muka kurma ihu. Ayar haddacewa kuwa da ƙwallo ake yi: wanda ya cafe ya faɗi kalma ta gaba. Na gwada a ajina, yaron da ya saba ɓuya ƙarƙashin benci shi ya fara kawo ayar ba tuntuɓe.

Rana ta biyu ce ta ɓata mini rai. Aka raba takarda mai gida biyu: maza Dauda da Goliyat da gasa, mata labarin Rut da zane. Ban musa akwai bambanci ba, tun 2000 'yan mata suke gaban maza wajen karatu a PISA, jarrabawar da ake yi wa ɗalibai 'yan shekara sha biyar a ƙasashe da dama. Amma ba a ko ambaci Janet Hyde ba, masaniyar halayyar ɗan Adam wadda a 2005 ta tattara bincike masu yawa ta nuna yawancin bambancin ƙanƙane ne ko kusan babu. Da na ɗaga hannu na faɗa, sai aka ce lokaci ya ƙure.

A ajina, wadda ta fi kowa ihun Yariko yarinya ce, har ta kifar da kujera biyu. Akwai kuma yaro mai shiru-shiru da zai yi rabin awa yana zana jirgin Nuhu. Wane gida zan sa su?

In sabon malami ya je wannan bitar, zai ƙaru sosai, musamman in ajinsa cike yake. Takardar dai tana cikin jakata, bayanta nake rubuta sunayen yara.