Eric Coates ko Mantovani: da wa za a fara?

Malam, ka ce ka shiga neman tsofaffin faya-fayan sassauƙan kiɗan Birtaniya, irin wanda taron makaɗa ke yi ba mawaƙi, sai sunaye biyu suka yi ta faɗo maka: Eric Coates da Mantovani. Na Coates ka ji shi da ƙara kamar ana suya, na Mantovani kuwa tas. Shi ne kake tambaya ko tsabtar sautin ce ke nuna wanda ya fi. Ba ta nunawa. Kanti ɗaya ake jera su, amma kowa da sana'arsa.

Coates shi ke ƙirƙirar kiɗansa. An haife shi a garin Hucknall na Ingila a 1886, ya yi shekaru yana jan goge, irin mai ɗan kaurin murya da ake kira biyola, a ƙungiyar Queen's Hall ta Landan ƙarƙashin Henry Wood, har zuwa 1919 da ya koma rubuta kiɗa kaɗai. Wanda ya zauna a tsakiyar makaɗa ya san abin da kowane hannu zai iya, kuma za ka ji haka a aikinsa: ba mai busa ko mai goge da aka bari yana zaman banza. Rediyo ce ta ɗaga shi. A 1933 BBC ta ɗauki kiɗansa na fareti mai suna Knightsbridge ta mai da shi taken shirin In Town Tonight, mutane suka yi ta aiko da wasiƙu suna tambayar sunan kiɗan. A 1940, ana tsakiyar yaƙi, wani nasa ya zama taken shirin da ake sa wa ma'aikatan masana'antu don hannu ya yi sauri. By the Sleepy Lagoon kuwa tun 1942 yake buɗe shirin Desert Island Discs, har gobe.

Mantovani gwanin yi wa kiɗan wasu kwalliya ne. A Italiya aka haife shi a 1905, aka kawo shi Ingila yana yaro. Charmaine da ta fito da shi duniya a 1951 tsohuwar waƙa ce ta shekarun 1920. Kai, ko salon da aka san shi da shi ma Ronald Binge ne ya tsara masa. Ga yadda dabarar take: a raba masu goge kashi-kashi, kashin farko ya ja sauti ɗaya ya riƙe, kafin ya saki na biyu ya shigo da na gaba, na uku ya hau kansa. Sai amon ya riƙa zubowa bisa juna kamar ruwa daga indararo. Amsa-kuwwar babban coci Binge yake kwaikwayo, da hannun makaɗa kawai, ba na'ura.

To batun ƙarar da ta dame ka. Yawancin abin da Coates ya ɗauka da kansa a kan faifan garmaho ne, mai juyi 78 a minti, irin dai wanda kakanninmu suka sani. Da wani ƙaro da ake samu daga ƙwaro a Indiya ake yin sa, yana da kaushi, ga allurar ƙarfe da ake sauyawa kusan bayan kowane gefe. Suyar daga nan take. Gefe ɗaya na babban faifai bai wuce minti huɗu da 'yan kai ba, ƙaramin kuwa uku. Mantovani ya yi sa'ar zamani. Kamfanin Decca da yake wa aiki ya riga ya ƙware wajen kama siririn sauti tun ƙarshen yaƙi, ya fara fitar da dogon faifai mai juyi 33 a 1950, sitiriyo, wato sautin da ke raba dama da hagu, ya zo kasuwa a 1958. Har masu sayar da kayan sauti sukan ɗora faifansa don su nuna wa mai saye abin da lasifika biyu za su iya. Ka ga ashe abin da kunnenka ya yaba, rabinsa aikin injiniya ne.

Ni dai Coates nake ɗauka, kuma na garmahon nake nufi, wanda shi ya tsaya gaban makaɗa. Mutum ne mai son a yi kiɗansa da hanzari. Na sha jin sababbin ɗauka na Knightsbridge, sauti kamar ka taɓa, amma an ja shi an ba shi nauyi kamar hawan sarki, alhali kiɗan mai tafiya ne a titin Landan da sassarfa. Sa na shekarun 1930 ka rufe ido. Daƙiƙa biyu na farko shuuu kawai za ka ji, sai masu busa su faɗo gaba ɗaya. Kafin rabin minti kunne ya ture suyar gefe, ƙafa ta fara bugun ƙasa. Na gwada wannan da wani abokina da ya ce ba zai iya jure ƙarar ba. Da faifan ya ƙare shi ya ce a maimaita.

Mantovani ba ya jure dogon zama a wurina. Na farko daɗi, na biyu daɗi, zuwa na biyar sai ya gundure ni kamar shayin da sukari ya yi wa yawa, don kowace waƙa riga ɗaya ake sa mata. Amma ban hana ka ba, da dare in an gaji yana da ranarsa. Sai dai kar ka yanke masa hukunci da lasifikar waya, zubowar nan tana cushewa ta zama ƙara ɗaya. Sa abin kunne. Kuma Charmaine ta 1951 ba sitiriyo ba ce. In ka ji ta tana raba dama da hagu, ko an sake ɗauka daga baya, ko an yi mata dabara.

Abu ɗaya za ka kiyaye wajen zaɓen na Coates a intanet. Masu juyar da tsofaffin faya-fayai suna wanke ƙara da kwamfuta, wasu kuma sukan wuce gona da iri. Siririn amon goge da suyar a wuri ɗaya suke zaune, in aka kankare ɗaya sai ɗayan ya bi shi. Idan ka ji faifan 1935 shiru tsit, goge na fita kamar daga cikin tulu, wuce shi ka nemi wanda aka bar wa ɗan shuuu ɗinsa. Jerin da kamfanin Guild ya fitar na wannan zamani yana da kyau ta nan.

Shi kuwa Binge, bayan ya bar Mantovani ya ci gaba da rubuta nasa. Sailing By ta 1963 tasa ce, wadda BBC ke sawa bayan tsakar dare kafin a karanta wa masu jiragen ruwa hasashen yanayin teku.